Hutun damina a gidan marayu na Maraɗi

A ikilisiyarmu da ke Zariya, duk shekara kwamitin bishara kan zaɓi wuri guda da za a kai taimako a lokacin dogon hutun makaranta. Yawanci ƙauyukan kusa ne, wajen Giwa ko Ikara ko Malumfashi. A 2022 aka ce a tsallaka iyaka. Wani fasto ɗan Nijar, wanda ya yi makarantar tauhidi tare da Rabaran ɗinmu, ya rubuto cewa akwai gidan marayu a gefen Maraɗi da ikilisiyoyin can ke riƙe da shi. Rufin ɗakin jarirai na yoyo, ga damina ta kawo jiki, matan da ke reno kuma sun jigata, har akwai waɗanda suka daɗe ba su leƙa garinsu ba. Ni malamar firamare ce, na goya nawa na goya na ƙanwata, sai na ba da sunana.

Zumuncin ikilisiyoyin Arewa da na Nijar ba na jiya ba ne. Mishan ɗin SIM, wanda ikilisiyar ECWA ta fito daga cikinsa a 1954, shi ne ya buɗe aiki a Damagaram a 1924, ya zo Tsibirin Gobir a 1927, ya kafa asibitin Galmi a 1950, sannan ga asibitin kutare na Danja a kan hanyar shiga Maraɗi. Littafi Mai Tsarki na Hausa da muke karantawa shi suke karantawa, waƙoƙin sujada da yawa ɗaya ne. Bambancin kawai, su Kiristan Nijar ba su kai ɗaya cikin 100 na jama'ar ƙasar ba, don haka komai nasu a natse suke yinsa, kuma wannan ya shafi yadda aka ce mu tafi.

Ba da suna bai isa ba. Kowa ya cika takarda, ya kawo shaidar mutum biyu da suka san zamansa da yara, sannan ya zauna gaban dattawa. Tambayar da aka fi nanatawa ita ce, me ka iya yi da hannunka? Wanda ya ce wa'azi, sai a ce masa akwai masu wa'azi a can, ban da shi fa? A ƙarshe aka ɗauki kafinta, magini, nas guda, malaman makaranta biyu, da matasa masu ƙarfin ɗaukar kaya. Bayan nan aka karanta mana wasiƙar uwar gidan marayun, wadda kowa ke kira Mama, kowa ya sa hannu cewa ya yarda da abin da ke ciki. Ba a ɗaukar hoton yaro. Ba a ba wani yaro kyauta shi kaɗai. Babba ba ya keɓewa da yaro a ɗaki. Ba a yi wa yaro alkawarin komai, ko da na alewa ne. Ba a fita unguwa wa'azi. Na ƙarshen shi ya fi sanyaya gwiwar mata: baƙo ba ya ɗaukar jariri sai mai renonsa ta miƙa masa.

Kafin wasiƙar ta iso, Zumuntar Mata ta riga ta cika buhuna da gwanjo da 'yartsana da biskit. Mama ta ce a raba wa mabukatan Zariya, su kuɗi suka fi so. Ta kawo dalilai masu kama hankali. Kayan abinci da yawa a mota kan jawo doguwar magana a bakin iyaka. Gero da wake da mai da sabulu duk akwai su a kasuwar Maraɗi, kuma 'yan kasuwar da ke ba gidan bashi lokacin da babu, su ya kamata su ga ciniki lokacin da akwai. Madarar jarirai kuwa iri ɗaya suke amfani da ita, wadda masu reno suka san ma'auninta da ka, ba ta so a rikita su da gwangwanaye kala-kala. Abin da ta yarda mu ɗauko shi ne gidan sauro, zannuwan goyo, da kayan aikin kafinta.

An tara kuɗin ne ta baiko na musamman da kuma cincin da kunun aya da mata suka riƙa sayarwa bayan sujada. Wani dattijo ya tashi a taron kwamiti ya ce ko kwabo na marayu ba zai shiga cikin mai tafiya ba, kowa ya biya kuɗin motarsa da na abincinsa. An yi ta gunaguni, wasu ma suka janye, amma ni har yau ina ganin hukuncin nan shi ya tsarkake tafiyar. Ma'aji da mutum biyu suka je Wapa a Kano suka canjo sefa, suka dawo suna jimamin yadda naira ta rame a gabanta.

Batun takardu bai yi wuya ba a lokacin. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan ƙasashen ƙungiyar damar shiga ya zauna har kwana 90 ba biza, muddin yana da fasfo ko takardar tafiya ta ECOWAS. Abin da mutane ke mantawa shi ne katin rigakafin cutar shawara. Allurar ba ta fara aiki a takarda sai bayan kwana 10, don haka wanda ya bari sai ana gobe tafiya ya makara. Sau ɗaya ake yinta, tun 2016 aka amince katin na har abada ne. Faston Maraɗi ya aiko da takardar gayyata da Faransanci, da hatimi, da sunayenmu duka, muka haɗa da jerin kayan da muka ɗauka. Kowa ya riƙe kwafi.

Motar coci, mai suna ɓaro-ɓaro a jikinta, a Katsina muka bar ta. Hanyar Jibiya ba ta da tabbas saboda 'yan bindiga, aka ba mu shawara mu rarrabu a motocin haya, kada a sa anko, kada a yi waƙa, a bi hanyar da hantsi lokacin da motoci suka yawaita. Haka muka yi, bakin kowa na motsi da addu'a. Shingaye suna da yawa, a kowanne a tsaya a gaisa a nuna takarda. A Magama aka buga mana hatimin fita, a Ɗan Issa na shiga. Jandarman da ya karɓi takardunmu ya karanta gayyatar, ya ɗaga kai ya ce da Hausa, "Gidan yaran nan za ku? Allah ya ba da lada." Daga nan zuwa Maraɗi gero ne hagu da dama ya kai ƙirji, da itatuwa tsaitsaye a tsakiyar gonaki, gawo ya kakkaɓe ganyensa kamar yadda ya saba da damina. Maginin da ke kusa da ni, wanda manomi ne, ya kasa ɗauke ido. Faston ya gaya mana daga baya cewa wannan shi ne sassaben zamani, inda manomi ke barin tohon kututture ya girma maimakon ya sare. Wani ma'aikacin SIM ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, ya fara yaɗa shi a yankin Maraɗi a 1983, kuma an ƙiyasta ya farfaɗo da kusan hekta miliyan 5 a Nijar.

Ba mu wuce gidan marayun kai tsaye ba. Faston ya fara kai mu gaida mai unguwa, sannan aka kai sunayenmu ga hukuma da ofishin da ke kula da kare yara. Sai da la'asar muka shiga. Gida ne mai faɗin tsakar gida, ɗakin jarirai a gabas, na 'yan mata da na maza a gefe biyu, madafa da rumfa a tsakiya, ga bishiyar dogon yaro guda da ake shimfiɗa tabarma a ƙarƙashinta. Yaran ba su kai 40 ba. Kafin mu ajiye jaka, manyan cikinsu, 'yan shekara shida zuwa goma, sun rufe mu, wannan ya riƙe hannu, wannan ya kama zani, wata ta haye cinyar abokiyar tafiyata kamar ta shekara da saninta. Mata suka fara share hawaye. Mama na tsaye tana kallo, ba ta ce komai ba sai da dare.

Da aka kwantar da yara ta tara mu a rumfa. Mace ce da ta haura sittin, ba ta ɗaga murya. Ta tambaye mu, "'Yan'uwa, a cikinku wa ke da ɗan da zai ga baƙo yau ya haye jikinsa?" Babu. Ta ce yaron da ya san uwarsa ɓuya yake yi a bayanta idan ya ga sabuwar fuska, kuma wannan ƙiwar alamar lafiya ce. Waɗannan manyan sun tashi ne a shekarun da gidan ke barin kowane baƙo ya ɗauka, ya goya, ya yi sati ya tafi, wani ya zo. Sun saba da hannu ko na wane ne, ba su shaƙu da kowa ba. "Baƙo raɓa ne," in ji ta, "ku za ku tafi, Inna ce za ta kwana da kukan." Shi ya sa yanzu kowace mai reno, da yara ke kira Inna, tana da jariranta da ba a canza mata, a ɗaki ɗaya suke kwana. Aikinmu shi ne mu ɗauke wa Innonin wanki da girki da ɗiban ruwa, don su sami hannun rungumar 'ya'yansu, su sami barci, waɗanda suka daɗe ba su je gida ba su je su dawo ɗaya bayan ɗaya.

A daren nan ne kuma na fahimci su wane ne yaran. Mafi yawansu suna da uba a raye, ko kaka, ko gwaggo. Uwa ce ta rasu wurin haihuwa ko cikin jego, aka rasa mai shayarwa. Jaririn da ba ya shan nono yana bukatar kusan kilo 20 na madarar gwangwani a wata shida na farko, kuma manomin da rumbunsa ke ƙarewa kafin kaka ba shi da inda zai samo kuɗin. Idan aka dama masa kunu ko aka ba shi nonon akuya da ruwan rijiya, zawo ya ɗauke shi. Don haka ake naɗo shi a zani a kawo. Wannan ba a Maraɗi kaɗai ba ne. Ƙungiyar Save the Children ta ruwaito a 2009 cewa aƙalla huɗu cikin biyar na yaran da ke gidajen marayu a duniya suna da uwa ko uba a raye, kuma talauci ne kan gaba wajen raba su da gida. A shekarar ce Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da ƙa'idojinta da ke cewa yaro, musamman wanda bai kai shekara uku ba, cikin iyali ya kamata ya tashi. Mu Hausawa ba sai an koya mana wannan ba, riƙo al'adarmu ce. Madara ce ta gagari dangi, ba zumunci ba.

Ni aka sa ni a madafar jarirai da wanki. Tun kafin kiran sallar asuba na masallacin unguwa nake tashi in hura gawayi. Ana tafasa ruwa sosai, a bar shi ya ɗan huce amma kada ya wuce rabin awa, domin sai da zafin da bai gaza digiri 70 ba yake kashe ƙwayoyin cutar da kan ɓuya a garin madara. A zuba ruwa tukuna, sannan gari, cokali a shafe ba a tula ba, a ƙirga da baki a bayyane don ta kusa da ke ta ji. A sanyaya kofin cikin kwano mai ruwan sanyi, a ɗiga a bayan hannu a ji. Ba sa amfani da bulumboti sai dole, ƙananan kofuna ne, domin kofi ba shi da lungun da datti zai maƙale. Na tsaya ina kallon wata Inna tana ba ɗan wata guda. Ta ɗaga shi zaune a cinyarta, ta naɗe hannuwansa da zani, ta ɗora bakin kofi a leɓensa na ƙasa, ta karkata har madarar ta taɓa leɓen kawai. Ba ta zuba ba. Shi da kansa ya riƙa lasa da harshe yana tsotsa, ya huta, ya ci gaba, ita kuwa tana yi masa magana ƙasa-ƙasa, tana kiran sunansa da na garinsu. Abin da ya rage bayan awa biyu zubarwa ake yi, duk tsadarsa. Kowane jariri yana da shafi a littafi, a rubuta lokaci da yawan abin da ya sha, har da kashinsa.

Wanki kuwa ba ya ƙarewa. Ƙyallayen jarirai sai an jiƙa, a wanke, a tafasa, a shanya, hadari ya taso a kwashe a guje, a sake shanyawa, wanda bai bushe ba a bi shi da dutsen guga na gawayi. Cikin 'yan kwanaki fatar yatsuna ta tsage. Matan nan haka suke yi shekara da shekaru, a kan albashin da ba kullum yake zuwa a kan lokaci ba.

Da yamma ni da ɗayar malamar muke zama da manyan yara. A Nijar sai Oktoba ake komawa lakol, wato makaranta, kuma da Faransanci suke karatu, wanda ba na ji. Sai muka ɗauki abin da za mu iya. Lissafi muka yi da Hausa da ƙwallayen dabino da murafen kwalba, wata yarinya 'yar aji shida tana karanta mana tambayoyin littafinsu tana fassarawa. Na lura da yawa sun haddace jadawalin sau amma ba su san abin da yake nufi ba, da aka jera ƙwallaye layi huɗu na shida-shida sai fuska ta washe. Na rubuta abin da na gani game da kowane yaro na bar wa malamin da ke zuwa yi musu bita, domin shi ne zai ci gaba.

Agusta watan zazzaɓin cizon sauro ne. Muna nan ma'aikatan lafiya masu bi gida-gida suka zo da maganin rigakafin da ake ba yara daga wata uku zuwa ƙasa da shekara biyar, sau ɗaya kowane wata a tsawon damina. A gabansu ake shan na ranar farko, na kwana biyun da suka rage Inna ce ke bayarwa. Nas ɗinmu, duk ƙwarewarta, ba ta yi wa kowa allura ba, tunda ba ta da izinin aiki a ƙasar. Ta zama mataimakiyar nas ɗin gidan, tana auna nauyi, tana zagaya ɗan tef ɗin nan mai launi uku a damtsen yara. Kore lafiya, rawaya a sa ido, ja kuwa, wato ƙasa da santimita 11.5, tamowa ce mai tsanani. Ana ba irin waɗannan Plumpy'Nut, gyaɗar nan mai madara da ke cikin leda, wanda kuma ya kasa ci sai asibiti. Nas ɗin ta gaya mana cewa a asibitin Madarunfa, inda likitocin ƙungiyar agaji ta MSF ke aiki, iyaye mata da yawa daga Jihar Katsina suke tsallakowa da 'ya'yansu. Wannan ya tsaya mini a rai. Mun zo taimakon Nijar, ga 'ya'yanmu Nijar na jinya.

Duk da gidan sauro da magani, wani dare zazzaɓi ya kada wani yaro ɗan shekara biyu, ya fara sanƙarewa. Innarsa ta goya shi ta hau kabu-kabu, Fasto da matasanmu biyu suka bi baya. Tun 2006 dokar Nijar ta ce jinyar yaro ƙasa da shekara biyar kyauta ce, amma jini ba a sayensa a kanti, sai an sami mai bayarwa. Jininsa ya yi ƙasa ƙwarai. Aka gwada na ɗaya daga cikin samarinmu ya dace, aka ɗiba. Yaron ya tashi. Da uban ya zo daga ƙauye aka nuna masa saurayin, ya riƙe hannunsa da hannu biyu ya daɗe yana sa masa albarka, har ya ce, "Ɗana, yanzu kai da shi jini ɗaya ne."

Maza suna can kan rufi. Mama ta ɗauko kafintan unguwa, Musulmi, ta ce shi ne shugaban aikin, namu su bi bayansa, domin idan rufin ya sake yoyo shi za a kira, ba wanda ke Zariya ba. A kasuwar Maraɗi aka sayi kwano da katako da ƙusa. Da kuɗi ya ɗan ragu, wasu matasa suka so a shafe katangar waje da fenti a rubuta aya da sunan ikilisiyarmu. Ta ce a haƙa sabon masai a gyara magudanar da ke tara ruwa a bayan ɗakin 'yan mata. Faston ya ƙara mana bayani. A ranakun 16 da 17 ga Janairun 2015, bayan zanen ɓatancin jaridar Charlie Hebdo ta Faransa, an ƙona majami'u da dama a Damagaram da Yamai, an rasa rayuka. A Yunin 2019 an cinna wa wata majami'a wuta a nan Maraɗi. Abin da ke tsare gidan nan, in ji shi, ba katanga ba ce, maƙwabta ne, waɗanda da kaka suke aiko da damin gero, matansu kuma suke shigowa barka idan an kawo sabon jariri. Babban rubutu a bango ba zai ƙara wa yaro ko cokali guda ba.

Na tambayi Mama kai tsaye game da addini, tunda kusan duk yaran 'ya'yan Musulmi ne. Ta ce ranar da aka kawo yaro ake gaya wa dangi a fili cewa nan gidan Kirista ne, ana addu'a da sunan Yesu safe da yamma. Sunan da aka raɗa wa yaro shi ne sunansa, ba a canzawa, ba a yi masa baftisma, kuma ranar da dangi suka shirya karɓarsa nasu ne. "Amana aka ba mu," in ji ta. "Wanda ya ci amanar mutum a ranar da matarsa ta mutu, wace bishara zai gaya masa?" Na tafi da ayar nan ta wasiƙar Yakubu a zuciyata, mai cewa addini na gaskiya shi ne kula da marayu da gwauraye cikin wahalarsu. A wurin matar nan na ga cewa kulawar ta haɗa da kiyaye wa maraya danginsa. Dokar hoto ma daga nan ta samo asali. Wasu baƙi sun taɓa sa hoton wani yaro a Facebook da labarin yadda aka haife shi, wani ɗan garinsu da ke ci-rani ya gani, magana ta koma ƙauye, dangin suka daina zuwa.

Ranar da ta fi kowace a wurina ita ce ranar da aka mai da wata yarinya gida. Ta kusa shekara biyu da rabi, tana cin tuwo, tana gudu. Ba rana ɗaya ake yanke wannan ba. Tun tana jaririya sharaɗi ne wani nata ya riƙa zuwa duba ta. Ma'aikaciyar jin daɗin jama'a ta je ƙauyen ta ga rijiya, ta ga rumbu, ta tambayi wace mace ce takamaimai za ta riƙe ta, ta zauna da matar uban ita kaɗai ta ji cikinta. An yi mata takardar haihuwa, wadda in wa'adi ya wuce sai an bi ta kotu, kuma in babu ita jarrabawar makaranta kan zama matsala. Sannan kakarta ta wajen uwa ta zo ta tare a gidan na makonni, tana kwana ɗaki ɗaya da ita da Innarta. Da farko Inna ke ba ta abinci kaka na kallo, daga baya kaka ke bayarwa Inna na kallo, har ranar da yarinyar ta faɗi ta ruga wurin kaka da kuka. Ranar Mama ta ce lokaci ya yi.

Aka ce in raka su in riƙe kaya. Muka bi hanyar Tsibiri muka saki kwalta, motar na tafiya cikin yashi, a baya ga akuya mai ciki, buhun gero, wake, gidan sauro da sabulu. Duk ƙauyen ya fito. Mata suka yi guɗa, wata tsohuwa ta leƙa fuskar yarinyar ta ce wance ce ta dawo, ta ambaci sunan marigayiyar, sai kuka ya ɓarke ta ko'ina. Uban ya kasa zama. Liman ya yi addu'a, muka shafa tare. Mama ta zaunar da kaka da matar uba ta maimaita musu yadda ake dama kunun gero da ƙuli-ƙuli da garin zogale, da alamomin da in an gani a garzaya asibiti, ta ce za a riƙa zuwa da sikeli duk wata har shekara. Innar da ta rene ta tun tana kwana tara a duniya ba ta yi sallama da ita ba. Ta jira har yarinyar ta shagala da 'yan akuya, ta zagaya ta bayan danga ta shiga mota. Mun yi nisa kafin ta buɗe fuskarta daga mayafi. Da muka iso gida ta wanke hannu ta karɓi jaririn da aka kawo a makon.

Akwai waɗanda ba su da inda za a mai da su: wanda aka tsinta, wanda uwarsa ke da taɓin hankali ba a san danginta ba, da masu nakasa da dangi suka ce ba za su iya ba. Su ake nema wa riƙo a gidajen 'yan ikilisiya, manyan kuma ana kai su koyon ɗinki ko walda a cikin gari.

Daren da za mu taso, ma'aji ya karanta lissafi a gaban Mama da Fasto da mu duka, rasit bayan rasit, har kuɗin ƙusa. Sannan Mama ta buɗe nata littafin ta nuna mana abin da gidan ke kashewa a wata. Da na haɗa abin da mu duka muka kashe a mota da abinci daga aljihunmu, sai na ga zai biya albashin Inna guda na watanni masu yawa. Ban ce zuwanmu banza ba ne. Rufi ya daina yoyo, Innoni sun je gida sun dawo, jinin saurayin nan ya yi rana, kuma da ba mu gani da ido ba da har yanzu gwanjo muke tarawa. Amma irin wannan tafiya ta ayari ba abin maimaitawa ba ce duk shekara. Haka na faɗa a rahoton da muka ba ikilisiya, wasu ba su ji daɗi ba, domin matasa da yawa sun sa rai da zuwa baɗi. Yara ma ba a tara su don sallama ba, mun gaishe su da daddare kamar kullum, aka gaya musu gaskiya cewa gobe baƙi za su koma garinsu.

Kwamiti ya amince da abu biyu. Ikilisiya za ta riƙa biyan albashin ƙarin Inna kowane wata. Zumuntar Mata kuma ta ɗauki nauyin madarar jariran da ke da kaka ko gwaggo mai iya riƙo, don a bar su a gida tun farko, nas na kai musu gwangwani tana auna su, ba sai an kawo su Maraɗi ba. Wannan tsarin Mama ta daɗe tana so, kuɗi ne babu.

Alkawarin ya sha gwaji. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 aka rufe iyaka, Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, kaya suka yi tsada a Maraɗi, ga naira ta ƙara faɗuwa, abin da muke aikawa ya koma ba ya sayen abin da yake saye a da. Sai da aka ƙara baiko, kuma wani ɗan kasuwa mai hulɗa a ɓangarorin biyu ya riƙa karɓar naira a nan ɗan'uwansa na ba da sefa a can, ba ya cire ko sisi. An buɗe iyakar a Maris 2024, Nijar kuma ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025, don haka yanzu Fasto kan fara tuntuɓar hukuma kafin ya aiko da gayyata. Mutum biyu ko uku kawai ke zuwa, kuma sai waɗanda Mama ta nema da irin aikinsu. A wasiƙarta ta baya-bayan nan mai gyaran sola ta nema, da macen da ta iya gashin ƙashi, saboda yara biyu da ba sa iya zama da kansu.